'Yar Kibiya

Ofishinmu yana Kakuri, bayan tsohuwar masaƙa,
inda fanka ke juyawa ran da wuta ta ga dama.
Kwamfuta ɗaya ce, ni ke zama gabanta,
cikinta sunaye ɗari huɗu da sha bakwai,
masu jiran haƙƙin gumin da zare ya sha.

Ran Talata aka ce kuɗin mutum ashirin ya samu,
a fara da waɗanda suka fi daɗewa.
Na taɓa saman jerin, wurin watannin jira,
sai ga ta ta fito,
'yar kibiya, ba ta kai ƙwayar dawa ba,
baƙa, mai kusurwa uku, ta ɗaga hanci sama.

Na ce, to, sama ai wurin manya ne.
Wuta ta ɗauke, batir na kuka kamar ɗan tsako,
ban tsaya duba lamba ba,
na kwashi ashirin na farko, na buga,
na liƙa a ƙofa da ƙusa biyu.

Baba Kazah ya iso da hantsi,
tun daga Nasarawa a ƙafa, lema a hammata.
Ya bi takardar da ɗan yatsa, sannu,
ya kai ƙasa, ya koma sama,
ya goge tabarau da gefen riga, ya sake bi.
Wata casa'in da ɗaya yake zuwa ƙofar nan.
Na saman takardar bara da damina ya yi rajista.

Na kira Tanimu, yaron da ya haɗa manhajar.
Ina jin hayaniyar Kasuwar Barci a bayansa.
Ya ce, Anti, ai ba nuni take yi ba,
siffa ce, kamar kashin tumatir,
tsinin sama ƙarami, gindin ƙasa mai faɗi,
ƙananan lambobi bisa, manya a ƙasa.
Na ce, ni yatsa na gani yana nuna mini sama.
Ya yi 'yar dariya, ya ce ba ke kaɗai ba,
wata manhajar ma akasin haka take yi,
masu ƙera abin ba su taɓa shiryawa a kai ba.

Na ce, me ya hana ka rubuta da baki,
"mafi daɗewa a farko"?
Ya ce wurin ya yi kaɗan.

Kalma huɗu.
Allon da ya ɗauki hoton tambari da kalanda da agogo
ya rasa masaukin kalma huɗu.

Na sake taɓa ta sau ɗaya.
Jerin ya kife kamar waina a tanda,
hancin ya dubi ƙasa,
sunan Baba ya hau layin farko,
ya zauna can shi kaɗai, a makare,
don kuɗin sun riga sun shiga asusun wasu,
kuma wa zai ce wa mai jira ya dawo da abin da ya jira?

Na juya allon na nuna masa.
Ya matso har numfashinsa ya taɓa gilashin,
ya ce, wannan ɗigon?
Sai ya ɗaga hannun dama, mai yatsa huɗu,
ya ce, injin da ya ci wannan
sai da ya yi ƙara, duk ɗakin suka ji.

Yanzu akwai guntun takarda a gefen allona,
na liƙa da salatif, na rubuta da jan biro:
hanci sama, sababbi,
hanci ƙasa, tsofaffi.
Duk da haka kafin in buga komai
sai na karanta sunan farko da ƙarfi,
in ji ko na san tafiyar mai shi.

Baba ya ce zai leƙo ƙarshen wata.
Ya manta lemarsa a jikin benci.